Muryar Da Aka Raba A Gado

Shafi na 19

Bismillahir Rahmanir Rahim. Masu cewa na cika sa Mariya kuka, to ku gyara zama, yau ba kuka ta tashi da shi ba.

Tun da gari ya waye Lami take tsaye gaban teburin babanta. Ta ƙi koko, ta ƙi goyo, ta ƙi kowa.

"Mama, Baba."

"Bari kuran ya dawo, Lami, an ɗauke wuta. Kin ga ko fanka ba ta juyawa."

"Baba nake so!"

Mariya ta runtse ido. Haka suke kowace safiya tun ranar da wani kamiyo, babbar motar kaya, ya bi ta kan motar su Tanimu a hanyar Dosso, aka dawo mata da mijinta a nannaɗe. Yarinya ƴar shekara uku ina ta san mutuwa? Abin da ta sani, Baba ya shiga ordinatar, kwamfutar da ke kan teburinsa. Kafin kowace tafiyar aiki Tanimu kan zauna gaban ƴar kamarar nan ya ɗauki kansa, cokali a hannu, yana cewa, "Lamin Baba, a buɗe gareji, ga taksi ta kawo koko!" Sai ya yi hon da baki. Lami ba ta buɗe baki sai ta ji hon ɗin nan. Ita kuwa Mariya, in yarinya ta ƙoshi ta yi waje, sai ta buɗe nata, wanda ya yi mata ita kaɗai, ta kifa kai a tebur ta saurara.

Abin da ya rage mata na muryarsa a duniya ke nan. Wayarsa tare da shi ta murƙushe.

Jiya aka yi sadakar arba'in, jiyan kuma aka raba gado, don dangin da suka zo daga Tahoua ba su da halin jira. Damina ta ci amanarsu, rumbuna wayam, dabbobi na faɗuwa a bakin rijiya, kowa so yake ya koma da abin da zai sai da ya auno hatsi. Mariya tana takaba, tana ƙuryar ɗaki, ba ta ga abin da aka yi a falo ba. Magana ɗaya ta aika ta bakin surukarta Hajjo: a ɗauki moto, babur ɗin nan nasa, a ɗauki firigon sanyaya ruwa, a ɗauki har kujerun, a bar mata ordinatar.

Aka dawo aka ce mata an bar mata.

Fanka ta yi wani gurnani ta fara juyi.

"Kuran! Mama, kuran!"

Mariya ta yaye zanen da aka lulluɓe ekran, fuskar gilashin ordinatar, da shi, ta sunkuya ta danna maɓallin akwatin da ke ƙarƙashin tebur.

Shiru.

Ta sake dannawa. Ko ƙyaftawar fitila babu.

Ta dake, don muryarsa ta riga ta zo mata a kunne, yadda yake koya mata a farkon aurensu yana riƙe da yatsanta: *Kar ki yi fushi da ita, Mariyata. Ba ta da baki, sai kin tambaye ta a hankali. Fara daga bango.*

Ta fara daga bango. Ta zare rediyo daga inda yake ta soka a jikin soket ɗin, take ya ɗauka, wani soja na karanta sanarwa cikin Faransanci da muryar nan tasu mai kamar ana dukan ƙofa. Ta fizge shi. Wuta dai akwai. Ta bi igiyar da hannu har bayan akwatin, ta same ta sako-sako, kamar wadda aka cire aka mayar da gaggawa. Ta tura ta sosai. Can kusa da ita akwai wani ɗan makunni baƙi, shi ma a kashe. Wa ya taɓa shi? Ba mai kai hannu wurin nan sai Tanimu.

Ta kunna. Ta danna.

Fankar cikin akwatin ta tashi, fuuu, Lami ta buga tsalle ta tafa.

Sai kuka ya biyo.

Tiiiiit. Tiiiiit. Tiiiiit.

Dogon kuka, ba tsayawa, ekran kuwa baƙi ƙirin.

"Mama, Baba yana kuka?"

"A'a. Je ki wurin Inna."

Ta san kukan nan. *In ta yi gajere sau ɗaya, gaisuwa ce. In ta ja shi tana maimaitawa, baret ɗinta take nema, ƴan sandunan nan masu riƙe mata tunani. Ki cire, ki goge bakinsu da gom na goge fensir, ki mayar.* Ta kashe, ta zare igiya, ta jawo aljihun tebur don ɗauko turnabis na kwance kusoshi. Wayam. Har kayan aikinsa an raba. Ta yi ƙwafa ta nufi madafa, ta dawo da wuƙar yanka albasa.

Ashe ma ba ta buƙatar wuƙa. Kusoshin murfin babu su, tana taɓawa ya faɗo mata a ƙafa.

Mariya ta durƙusa ta leƙa.

Ta daɗe a haka.

Gurbin baret biyu, duka fanko. Daga sama kuma, inda diski yake zama, wanda ke ɗauke da kowane hoto da kowace kalma ta Tanimu, sai igiyoyi biyu na reto a iska kamar hanjin ragon da aka feɗe.

"INNA!"

Ko ranar da aka kawo gawa ba a ji muryarta ta kai haka ba. Hajjo ta shigo da sauri, carbi a hannu, Lami na maƙale da zanenta.

"Subhanallahi! Ɗiyata, mi ya faru? Mai takaba da ɗaga murya?"

"Wa ya buɗe wannan?"

"Mi?"

"Akwatin nan, Inna. Wa ya sa hannu cikinsa?"

Tsohuwar ta sauke ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi. "Af, wannan? Ni na zaci wani abu ne. Ai jiya ne wajen rabo. Da aka yi ƙima aka ce abin ya zarce rabonki, sai autana Dauda ya kawo shawara a rage daga kayan cikin, a cika ma sauran. Amma kwantar da hankalinki." Ta matsa ta dafa saman ekran kamar mai dafa kan jariri. "Telen nan ni na tsaya kanta. Na ce wallahi ba mai taɓa ta ina numfashi. Nan yarona yake, nan nake ganin fuskarsa. Na zauna gabanta tun azahar har magariba, ko alwala ban tashi ba."

Mariya ta bi ta da kallo.

"Ko ba ki gode ba?"

"Ina Yaya Alu?"

"Yana zaure, yana ɗaure kaya. Motar Tahoua za ya bi."

"A kira min shi."

"Ɗiyata, kina takaba, namiji..."

"A kira min shi, Inna, ko in fita in same shi haka ba lulluɓi!"

Alu, wan Tanimu, ya tsaya daga bakin ƙofa bai shigo ba. Dogo ne, amma shekarar nan ta lanƙwasa shi, rigarsa na yawo a jikinsa. Garken da ya gada daga ubansu kaf ya ƙare a kan idonsa.

"Uwar Lami, lafiya?"

Mariya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, amma muryar ba ta rufu ba.

"Yaya Alu, da aka ba ka rabonka, me aka ba ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Katifa. Da kwalbar gas. Sai waɗansu ƴan ƙarafa."

"Mu gani."

Ya laluba aljihu ya fito da ƙullin tsumma, irin wanda ake ƙulle goro, ya kwance. Ga su nan, ƴan sanduna biyu kore, sun kwana tare da ɓawon goro da asuwaki.

"Ni ban san ko mene ne ba," ya ce. "An ce in na kai kasuwar Katako za a saya. Na ce ko tiya nawa ce ta gero, yara su ga safe."

"Kun feɗe shi."

"Na'am?"

"Kun feɗe shi kamar ragon layya! Wannan ya ɗauki hanta, wancan ya ɗauki ƙoda, ni aka bar min fata, aka ce in gode! Abu ɗaya na roƙa a gidan nan. Ɗaya! Na ce ku kwashe komai. Na yi muku gardamar firigo? Na tambayi moto? Gadon da nake kwana ma da kun ce kuna so da na sauka ƙasa!"

"Ki yi haƙuri, Uwar Lami."

"Haƙuri na ci tun da aka kawo shi a tabarma, ya ishe ni!"

Alu ya durƙusa ya ajiye ƙullin a bakin ƙofa, ya tura shi ciki da yatsa.

"Ɗauki. Da na san na marainiya ne da hannuna bai taɓa ba."

Mariya ta san abin da mutumin nan ya ajiye, abincin ƴaƴansa ne. Amma fushin ya fi ƙarfin tausayin. Ta ɗauka, ta hure su, ta goge bakinsu da gefen mayafi, ta durƙusa gaban akwatin. Ta saita ta farko, ta danna har ta ji ƙas. Ta biyu ta ƙi shiga, sai da ta tuna akwai ƴar tsaga da ake dubawa, ta juya ta. Ƙas.

Ta mayar da igiya. Ta danna.

Fuuu.

Tit.

Gajere, sau ɗaya. Ekran ya yi haske.

"Alhamdu lillahi!" Hajjo ta ɗaga hannu sama. "Kin gani? Ban faɗa miki ba? Lami, taho, taho ga Baba nan za ya fito!"

Yarinyar ta ruga ta ɗauko kofin kokonta da kanta, ta zauna a ƙasa gaban tebur, ta miƙe ƙafa, ta ɗaga kai.

Wasu fararen rubutu suka gudana a kan baƙin gilashi, suka tsaya. Layi ɗaya ya rage a ƙasa, da ɗan ɗigo yana ƙyaftawa.

Suka jira.

Ɗigon na ƙyaftawa.

"Mi ya tsai da shi?" Hajjo ta tambaya a hankali. "Mi rubutun ke cewa?"

"Cewa yake bai ga diski ba."

"To a danna wani wuri mana."

"Ba inda za a danna, Inna."

"Amma ga telen nan lafiyarta lau! Ko ƙwarzane babu, ni na tsare ta!"

Mariya ta juyo. Ta so ta yi ihu, amma da ta ga idon tsohuwar sai muryarta ta sauka, ta koma wani sanyi da ya fi ihun ciwo.

"Inna, in kika tsaya a taga kika hango mutum cikin ɗaki, a jikin tagar yake?"

Hajjo ta dubi ekran.

"Wannan taga ce kawai. Baban Lami ba ya cikinta, bai taɓa zama cikinta ba. Yana cikin wani ɗan ƙarfe mai kamar tafin hannu, nan yake zaune, nan wurin da kike ganin igiya na reto. Kin wuni kina gadin taga, aka fita da shi ta bayanki."

Carbin ya suɓuce daga hannun Hajjo. Ta dafa bango, ta sulale ta zauna a ƙasa.

"A gabana," ta ce. "A gabana aka kwance shi. Har na ce musu su yi a hankali kar su girgiza tebur." Ta dubi Alu, ɗan farinta da ba ta kiran sunansa. "Kai, wa ya ɗauki mai kamar tafin hannu?"

Alu ya kau da kai.

"Da kai nake!"

"Dauda."

Kamar jira ake, sai ga ƙarar moto a ƙofar gida. Mariya ta san ƙarar nan ko cikin barci, moton Tanimu ne. Lami ma ta sani, ta miƙe da gudu tana "Baba! Baba!", ta yi turus a tsakar gida da ta ga wanda ya turo shi.

Kaparal Dauda, autan Hajjo. Kaki a goge, takalmi na ƙyalli, baƙin tabarau. Tun da sojoji suka karɓi mulki tafiyarsa ta sauya. Mutanen unguwar Bobiel da a da suke amsa gaisuwarsa daga zaune, yanzu miƙewa suke tun daga nesa.

"Salamu alaikum. Yau kuma taron me ake a ɗakin matar yaya?"

"Ina diskin?" in ji Mariya.

Ko gaisuwa babu. Ya cire tabarau a hankali, ya dubi akwatin a buɗe, ya dubi ekran, ya dubi uwarsa a ƙasa.

"Wane diski?"

"Kar ka maida ni mahaukaciya, Dauda."

"Kaparal."

"A bariki. Nan gidan yayanka ne, kuma a nan na sha wanke maka kaki lokacin da ba ka da ko na sabulu. Ina diskin?"

Ya yi ƴar dariya. "Rabona ne. Malam ya raba, shaidu sun gani. Ko a gado ma mata za su yi mana juyin mulki?"

"Auta," Hajjo ta ce daga ƙasa, "kuskure muka yi. Ashe ɗan'uwanka cikin ƙarfen nan yake, ba cikin tele ba. Ba mu sani ba. Ɗauko ka ba ta, ni in biya ka da awakin da suka rage mini."

"Ba mu sani ba?" Mariya ta maimaita. Ta tako har tsakiyar ɗaki. "Ke ba ki sani ba, Inna. Yaya Alu bai sani ba. Malam ma na yarda bai sani ba. Amma wannan? Wannan da yake kwana nan yana kallon fim a ordinatar ɗin? Wannan da Baban Lami ya zaunar ya koya masa haɗa ta da kwance ta, don ya ce ko ya bar soja ya samu sana'a? Dube ni, Dauda. Cikin duk abin da ke akwatin nan, me ya sa hannunka ya tafi kan diski?"

"Shi ya fi daraja."

"Ƙarya kake! Ekran ya fi shi kuɗi, ka bar shi. Ka san abin da ke ciki ko ba ka sani ba?"

Dauda ya juya tabarau a hannu.

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani."

Alu ya ɗago kai da sauri. Hajjo ta dafe ƙirji.

"Na sani," Dauda ya sake cewa, yanzu ba dariya a fuskarsa. "Kuma ko yau aka sake rabon, shi zan ɗauka."

"Don me? Me yarinyar nan ta yi maka? Dube ta! Tun jiya da rana ba abin da ya shiga cikinta!"

"Yarinya za ta manta. Yara na mantawa. Ke ce ba za ki manta ba."

"Ina ruwanka da mantuwata?"

"Kullum!" Muryarsa ta fashe, har Lami ta ɓuya bayan kakarta. "Kullum na shigo gidan nan, kina kife a teburin can, yana yi miki magana. Mutum yana kabari yana hira da ke! In yi sallama ba ki ji. In kawo cefane ba ki gani. Muddin muryar nan na cikin gidan nan, ba za ki taɓa ɗaga ido ki dubi mai rai ba!"

"Auta, rufe bakinka," in ji Hajjo. "Rufe bakinka, takaba take!"

"Na rufe shi shekara nawa, Inna? Ni na fara ganinta! A tashar Tahoua, ta sauko da jaka ta fi ƙarfinta, ni na ɗaukar mata har bakin taksi. Ko ta tuna? Ba ta tuna ba! Na dawo na nuna wa Yaya ita, na ce ga wadda zan aura in na samu galo a kafaɗa. Ya yi dariya, ya shafa kaina, ya ce soja da soyayya. Kafin in dawo daga horo an sa musu rana. Ni na riƙe masa lema ranar ɗaurin aure. Ni na yi ta kiranta matar yaya ina dariya, cikina na ƙuna. Ya samu boko, ya samu aiki, ya same ta. Yanzu ya tafi, kuma a ce ko a mace shi ne zai..."

Tas!

Ba Mariya ba ce. Alu ne, mutumin da ko akuya ba a taɓa ganin ya daka ba. Hular sojan ta faɗi ƙasa.

"Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba," Alu ya ce, yana haki. "Kan wannan ka sa na ɗauki abincin marainiya na sa aljihu?"

Dauda ya dafe kunci. Ya dubi wansa, wani irin kallo, har hannunsa ya kai ga ɗamara ya dawo.

"Ka mari kaki, Yaya. A wannan zamanin."

"Na mari ƙanena. Je ka kira su."

Mariya kuwa ko gezau. Ta dubi Dauda tun daga takalmi har kai, kamar yau ta fara ganinsa, kuma abin da ta gani bai kai a tofa masa yawu ba.

"Ka gama?"

Dauda ya sauke hannu daga kunci.

"To saurara. Jakar da ka ɗauka, Allah ya ba ka lada, ban tuna ba, kuma ba zan tuna ba. Da za a kwashe muryar Tanimu daga duniya kaf..."

Hajjo ta zabura. Tun da aka kawo Mariya gidan ba ta taɓa furta sunan mijinta gaban uwarsa ba.

"...Tanimu, Inna, yau sai na faɗa, Tanimu! Da za a kwashe ta kaf, a wanke kaina da sabulu, a ce kai kaɗai ne namiji a Niamey, wallahi ba zan dube ka ba. Ka ɗauka shi ya tsare maka hanya? Ko yana raye ko yana mace, kai ba ka kan hanyar. Ba ni diskina."

Wani abu ya motsa a fuskar Dauda. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya karkaɗe ta a gwiwa.

"Ba ya hannuna."

"Yana ina?"

"Katako. Wurin Mamman mai gyara."

"Yana me a can?"

"Na ce ya wanke shi."

"A wanke?" Hajjo ta ce. "To in wanki ne ai da sauƙi, a shanya shi ya..."

"Ba wankin ruwa ba, Inna." Mariya ta ji muryarta kamar daga wani ɗaki take fitowa. "Gogewa. A share duk abin da ke ciki, ya koma kamar ba a taɓa sa komai ba. Yaushe ka kai?"

"Da safen nan. Na tarar ba kuran, ya ce da ya dawo zai yi."

Duk suka ɗaga kai. Fankar sama na juyi abinta.

Mariya ta fizgi hijabi daga ƙusa. Takalmin da ta samu a bakin ƙofa ta zura, ƙafa ɗaya nata, ɗaya na Hajjo.

"Ɗiyata, ina za ki? Takaba! Mi mutane za su ce, a ganki tsakiyar Katako?"

"Su ce abin da za su ce. Allah na gani."

"Ni in tafi," in ji Alu.

"Ka san rumfar? Ka san abin da za ka ce a daina? Kafin ka gama tambaya an gama da shi. Dauda, makullin moto."

"Ba ki iya ba."

"Shi ya koya min. Makulli!"

Ta miƙa hannu. Bai motsa ba. Ta yi taku ɗaya za ta wuce shi, ƙafarta na kan dokin ƙofa, ita da ba ta leƙa ƙofar gida ba tun ranar jana'iza, sai waya ta ɗauki ƙara a aljihun kakin.

Ya ciro. Ya duba. Ya yi saurin juya fuskar wayar, amma ta riga ta ga sunan.

Ba ta san lokacin da ta fizge ba.

"Alo! Mamman?"

Hayaniyar kasuwa ta cika kunnenta, ƙarar zarto, ana sauke katako, wani na rantsuwa da Zabarmanci.

"Alo, mon kaparal? Kuran ya dawo, na haɗa shi. To amma na leƙa ciki kafin in taɓa, na ga hotuna ne cike, da bidiyon wani bawan Allah da cokali yana wasa da yarinya. Na ce bari in tabbatar. Hannuna na kan maɓalli. In danna?"

"Kar ka danna! Don girman Allah kar ka danna! Mijina ne, ya rasu, ƴarsa ce, cire hannunka!"

Mamman ya rage murya.

"Wace ce?"

"Matarsa ce! Ina zuwa yanzu, ko me kake so zan ba ka!"

"Madam, Allah ya jiƙansa, wallahi na tausaya. Amma ba ke kika kawo ba. Mai kaki ya kawo, ya ce in ya dawo ya tarar ban yi ba, rumfar nan ba za ta kwana a tsaye ba. Ina da iyali, madam. Ba ni shi. Abin da bakinsa ya faɗa shi zan yi."

Mariya ta sauke wayar daga kunne. Ta danna ta yadda kowa zai ji.

Ɗakin ya yi tsit, sai fankar akwatin da ke ta juyi a banza. Hajjo ta rarrafo ta kama ƙafar wandon ɗanta. Alu ya tsaya a ƙofa ya tare ta da jikinsa. Lami ta fito daga bayan kakarta riƙe da kofin koko da ya huce, ta ɗaga shi sama wajen mai kakin, don a duniyarta duk wanda ya zo da moton nan ya san inda Baba yake.

Mariya ta miƙa masa wayar. Ba ta roƙe shi ba. Idonta a cikin nasa, jajir, ba ɗigon hawaye.

Dauda ya karɓa. Shatin yatsun Alu na kwance a kuncinsa. Ya dubi yarinyar, ya dubi uwarsa a ƙasa, ya dawo da ido kan Mariya ya tsaya a nan.

"Alo? Mon kaparal? Kana ji na? In danna ko in bari?"

Ya kai wayar bakinsa.

"Mamman," ya ce.